Charleston: Dalilin da ya sa birnin da ya hana taɓa tsofaffin gidaje ya fara ɗaga su sama

Wanda ya ratsa tsofaffin unguwannin Charleston, a jihar Carolina ta Kudu da ke Amurka, a 'yan shekarun nan zai iya cin karo da abin da zai tsayar da shi. Gidan katako mai hawa biyu, wanda ya haura shekara ɗari da ginawa, an raba shi da harsashinsa, an zura masa manyan ƙarafa ta ƙasa, an ɗaga shi da jak, ya zauna a kan katakan da aka jera gicciye, magina kuma suna ƙarƙashinsa suna ɗora sabon tushe. A wannan birnin ne kuma mai gida ba ya da ikon sauya tagar da ke kallon titi sai ya nemi izinin hukuma.

Matakai biyu ne suka jawo ruɗanin. A 2019 hukumar da ke kula da fasalin tsofaffin gine-ginen birnin ta fitar da ƙa'idojin da suka halatta ɗaga gidajen tarihi don kare su daga ambaliya, bayan ta shafe shekaru tana ɗari-ɗari da hakan. A 2022 kuma Majalisar Dokokin Amurka ta amince da shirin kewaye tsohon garin da katangar tare teku mai tsawon kusan mil 8, wadda kuɗinta ya haura dala biliyan 1. Dukkansu biyun za su sauya kamannin birnin da ya kafa sunansa a kan ƙin sauya kamanni.

Kalmomin da ake yawan cakuɗawa

Akwai bambanci tsakanin gidan da ke cikin rajistar wuraren tarihi ta ƙasa da gidan da ke cikin yankin tarihi na birni. Rajistar ƙasa ta samo asali ne daga dokar tarayya ta 1966. Karramawa ce, tana kuma buɗe ƙofar rangwamen haraji na kashi 20 cikin ɗari ga wanda ya gyara tsohon ginin da ake samun kuɗin shiga da shi. Amma ba ta hana mai gida rushe abinsa da kuɗin aljihunsa. Dokar birni ce mai haƙora. A Charleston, hukumar nan mai kula da fasalin gine-gine, wadda ake kira BAR, ce ke aiwatar da ita, kuma ikonta ya tsaya ne a kan abin da ido ke iya gani daga titi: bango, rufi, taga, baranda, shinge, tsayin gini. Abin da ke cikin ɗaki, da wanda ke kwana a ɗakin, ba huruminta ba ne. Wannan iyakar ita ce tushen mafi yawan gardamar da za a gani a gaba.

Ambaliyar ma iri uku ce, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Akwai toroƙon da mahaukaciyar guguwa ke turowa daga teku. Akwai ruwan sama da ke rasa mafita saboda magudanai sun cika. Akwai kuma cikar teku ta yau da kullum, wadda a wasu ranakun wata takan biyo magudanai ta ɓullo a tsakiyar titi, rana na haskawa, babu ko ɗigon ruwan sama.

Gidajen da waɗanda suka gina su

Turawan Ingila ne suka kafa garin a 1670, suka sa masa suna Charles Town. A 1680 suka dawo da shi kan wani zirin ƙasa da ke tsakanin kogunan Ashley da Cooper, a 1783 kuma ya koma Charleston. Arzikinsa daga shinkafa ya fito, sannan baban rini, daga baya auduga, kuma duka ukun bayi ne suka noma su. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kusan kashi 40 cikin ɗari na 'yan Afirkan da aka kai nahiyar Amurka ta Arewa a matsayin bayi ta wannan tashar suka sauka. Masu gonakin shinkafa sun fi neman mutanen gaɓar Afirka ta Yamma, don sun riga sun san noman fadama da sarrafa ruwa. Cikin waɗanda aka sauke a 1807 har da Umar ɗan Sa'id, malami daga Futa Toro, wanda a 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, ya buɗe shi da Suratul Mulk.

Gidan da aka san birnin da shi yana da fasali na musamman. Faɗinsa ɗaki ɗaya ne, ƙuƙumin gefensa ne ke kallon titi, jikinsa kuma ya miƙe zuwa cikin fili. A gefen kudu ko yamma akwai doguwar baranda, sau da yawa hawa biyu, wadda ke tare rana tana kuma kamo iskar teku. Ƙofar da baƙo ke gani daga titi ba ta shiga ɗaki, baranda take kai mutum, ainihin ƙofar gidan tana tsakiyar barandar. A bayan gidan kuma akwai madafi da wurin wanki da bargar dawaki, da ɗakunan da bayi ke kwana a samansu. Shekaru da yawa masu zagayawa da baƙi gaban gidan kawai suke nunawa, bayansa a bar shi a duhu.

Jikin ginin kansa yana ba da shaida. Jan tubalin da aka yi bangayen da shi a gonakin bakin kogi aka ƙona shi, kuma a wasu tubalan har yau ana ganin shatin yatsun wanda ya juya su tun suna ɗanye, wasu shatin ƙanana ne ƙwarai, irin na yara. A saman shingen gidan Miles Brewton da ke titin King akwai tsinin ƙarafa masu kaifi, waɗanda aka ƙara bayan 1822, shekarar da aka rataye Denmark Vesey da wasu mutum 34 bisa zargin shirya tawayen bayi. A jikin bangaye da yawa kuma akwai faya-fayen ƙarfe zagaye, kawunan dogayen sandunan da aka ratsa gidaje da su don ɗaure su bayan girgizar ƙasa ta 31 ga Agusta, 1886.

Talauci ya tsare, doka ta ɗora

A bakin tashar wannan birni, a sansanin Fort Sumter, aka harba harsashin farko na yaƙin basasar Amurka a Afrilun 1861. Bayan yaƙin, da 'yanta bayi, noman shinkafa ya durƙushe, birnin ya shiga dogon talauci. Wannan talaucin ne ya fara tsare gidajen. Lokacin da sauran biranen Amurka ke rushe tsofaffin gine-gine suna kafa dogayen benaye, mutanen Charleston ba su da kuɗin rushewa, sai faci.

Barazana ta zo ne da mota. A shekarun 1920 aka fara ture tsofaffin gidaje ana gina gidajen mai, attajirai da gidajen tarihi na wasu jihohi kuma suna saye sassaƙaƙƙun katakan bango da ƙofofin ƙarfe suna kwashewa. A 1920 Susan Pringle Frost ta jagoranci kafa ƙungiyar ceto tsofaffin gidaje, wadda yanzu ake kira Preservation Society of Charleston. A 1931 birnin ya zama na farko a Amurka da ya shata yankin tarihi da doka, ya kuma kafa hukumar BAR. Da fari ikonta kaɗan ne, sai a shekarun 1960 ta samu damar hana rusau kai tsaye.

Sai kuma hanyar kuɗi. Gidauniyar Historic Charleston, wadda aka kafa a 1947, ta ɓullo da asusu mai juyawa a ƙarshen shekarun 1950: a sayi gidan da ya lalace, a sayar wa wanda zai gyara bisa sharaɗin da zai bi takardar gidan har abada, a juya kuɗin a sayi na gaba. A unguwar Ansonborough aka fara, kuma birane da yawa sun kwaikwaya. An ceto gidajen. Sai dai masu hayar da ke cikinsu, waɗanda yawancinsu talakawa ne kuma da yawansu baƙaƙen fata, ba su dawo ba bayan gyara. Masana harkar adana tarihi a Amurka suna kawo Ansonborough a matsayin misali na nasara da kuma misali na abin da nasarar ta ci.

Inda ruwan ya fito

Babban ɓangaren tsohon garin ba asalin tudu ba ne. Fadamu ne da rafuka da aka cike da ƙasa da shara da ɓaraguzai tsawon ƙarnuka. Tsohuwar kasuwar birnin a kan rafin da aka cike take, haka ma titin da ake kira Water. Idan aka ɗora taswirar wuraren da ke ambaliya a yau a kan taswirar rafukan ƙarni na 18, kusan daidai suke zama. Ƙasar da aka cike tana lotsawa a hankali, tekun kuma ya ƙaru da kusan ƙafa ɗaya a bakin tashar cikin shekara ɗari da suka wuce.

Guguwar Hugo ta Satumbar 1989 ta yi wa birnin mummunar ɓarna, amma an ɗauke ta a matsayin masifar da ke zuwa sau ɗaya a rayuwa. Abin da ya sauya tunani shi ne shekaru uku a jere: ruwan Oktobar 2015, guguwar Matthew a 2016, da Irma a 2017. Akwai gidajen da ruwa ya shiga duka sau ukun. A 2019 aka ƙirga ambaliyar cikar teku sau 89. Yankin manyan asibitocin birnin ma a kan cikakkiyar fadama yake, kuma akwai ranakun da motar ɗaukar marasa lafiya kan sha wuya kafin ta isa ƙofa.

Gardamar ɗaga gida

Masu adawa da ɗagawa suna da hujja mai ƙarfi. Darajar Charleston, a cewarsu, ba a gida ɗaya take ba, a jeren gidajen take: rufi daidai da rufi, baranda daidai da baranda, matakala uku ko huɗu tsakanin titi da ƙofa. Idan aka ɗaga guda ɗaya da ƙafa shida, jeren ya karye, gidan ya leƙa farfajiyar maƙwabci, mai tafiya a ƙasa kuma bango kawai zai riƙa gani inda da yake ganin taga da mutane. Suna ƙarawa da cewa tsohon gidan bulo da aka gina da farar ƙasa yana iya tsagewa a wurin ɗagawa.

Masu goyon baya suna cewa gidan da ruwan gishiri ke shiga duk shekara ba a tsare yake ba, ruɓewa yake a tsaye. Katakon ƙasa ya ci, shafe ya zube, waya ta lalace, daga ƙarshe mai shi ya gaji ya bar shi. Suna kuma nuna cewa ɗaga gida ba baƙon abu ba ne a birnin, domin manyan gidaje da dama tun asali a kan dogon tushe aka gina su. Manyan ƙungiyoyin adana tarihi na birnin, waɗanda da su ne kan gaba wajen ƙi, sun dawo wannan ra'ayin bayan 2017, kuma da su aka zauna aka tsara ƙa'idojin.

Ƙa'idojin sun yi ƙoƙarin raba gardama. Sun yi bayani a kan irin kayan da za a yi sabon tushe da shi, yadda matakala za ta sauko, yadda za a rage ganin tsayin da shinge da shuke-shuke, da yadda za a duba gidajen da aka gina su iri ɗaya a jere. Abin da ba su taɓa ba shi ne kuɗi. Ɗaga tsohon gida yakan ci ɗaruruwan dubban daloli. Ga attajirin unguwannin kudancin titin Broad wannan abu ne mai yiwuwa. Ga dattijuwar da ta gaji ƙaramin gidan katako a gabashin gari, ba maganar da za ta fara ba ce.

Gardamar katanga

Sashen injiniyoyin sojan Amurka ne ya tsara katangar. Tsayin da aka ambata ƙafa 12 ne, amma daga wani ma'auni na bai-ɗaya ake ƙirgawa ba daga doron ƙasa ba, don haka a wani wuri za ta tsaya wa mutum a ƙugu, a wani wurin ta wuce kansa. Gwamnatin tarayya za ta biya kashi 65, birnin ya biya 35. Amincewar majalisa kuma ba ita ce sakin kuɗi ba, akwai matakin zane da na kasafi a gaba.

Masu so suna cewa ɗaga gida ɗaya-ɗaya ba zai ceci titi da asibiti da coci da maƙabarta ba, kuma guguwa ɗaya irin Hugo, a kan tekun da ya ƙara cika, za ta iya yin asarar da ta ninka kuɗin katangar. Masu suka sun kasu. Wasu suna cewa an tsara ta ne don toroƙon guguwa kawai, alhali abin da ke hana yara zuwa makaranta shi ne ruwan sama da cikar teku, kuma katanga na iya tsare ruwan sama a ciki idan ba a haɗa ta da injinan zuƙa masu ƙarfi ba. Wasu suna tsoron ruwan da aka tare ya karkata kan garuruwan tsallaken kogi. Masu adana tarihi kuma suna cewa birnin tashar jiragen ruwa da aka raba shi da kallon ruwa ya rasa rabin ma'anarsa. Shi ya sa hukumomin birnin ke neman a yi ta da siffar Battery, tsohuwar katangar bakin ruwa da mutane ke shan iska a kanta, wadda aka fara ƙara wa wani ɓangarenta tsayi tun 2019.

Akwai sukar da ta fi waɗannan zurfi. Hanyar da gwamnatin tarayya ke auna ko aiki ya cancanta ita ce ta kwatanta kuɗinsa da darajar dukiyar da zai kare. Unguwar da gidajenta ke da tsada, lissafi zai nuna ta cancanci katanga. Wadda gidajenta ke da araha, lissafin zai gaza. Rosemont, tsohuwar unguwar baƙaƙen fata a arewacin zirin, tana wajen layin katangar, kuma abin da aka tanadar mata shi ne matakai irin su ɗaga gidaje. Mazaunanta sun nuna rashin gamsuwa da hakan.

Al'adar da ba ta cikin dokar

Abin da ke kawo baƙi sama da miliyan 7 yankin a shekara, alhali mazauna birnin kusan 150,000 ne a ƙidayar 2020, ba bango kaɗai ba ne. Akwai al'adar Gullah Geechee, jikokin bayin gonakin shinkafa, waɗanda suka riƙe harshensu da girkinsu da sana'arsu. A tsohuwar kasuwa da bakin babbar hanya mai lamba 17 a Mount Pleasant, mata suna zaune suna ɗinka kwanduna da wata ciyawar bakin teku mai ƙamshi, suna naɗa ta zagaye suna ɗaurewa da ganyen wani ɗan giginya. Duk wanda ya taɓa ganin ana ɗinkin faifai zai gane aikin nan take, kuma asalin amfaninsu ma sheƙar shinkafa ne. A teburinsu akwai jar shinkafa mai kama da dafa-duka, da miyar kuɓewa, da alawar riɗi. Ƙofofin ƙarfe da yawa da baƙi ke ɗaukar hoto a gabansu aikin Philip Simmons ne, maƙeri baƙar fata da ya rasu a 2009, wanda ya bar ayyuka sama da 500 a birnin.

Majalisar Dokokin Amurka ta ware yankin gadon Gullah Geechee a 2006, birnin ya nemi gafara a hukumance kan rawar da ya taka a cinikin bayi a 2018, a Yunin 2023 kuma aka buɗe gidan tarihin baƙaƙen fatar Amurka a Gadsden's Wharf, inda aka sauke dubban bayi. An ɗora ginin a kan ginshiƙai 18 don kada ya zauna a kan ƙasar da ɗaruruwa suka mutu a kanta suna jiran a sayar da su.

A daidai wannan lokacin mutanen da ake karramawa suna barin garin. A 1980 kusan kashi biyu cikin uku na mazauna zirin baƙaƙen fata ne. Zuwa 2010 lissafin ya juye. Dalilan sun haɗu: babbar hanyar da aka ratsa unguwanninsu da ita a shekarun 1960, tashin farashin gida da haraji, da mayar da gidaje masaukin baƙi na kwana biyu ko uku ta manhajoji irin su Airbnb, wanda birnin ya ƙuntata a 2018 ta hanyar sharɗanta cewa a yawancin unguwanni sai mai gida yana zaune a wurin. Majami'un baƙaƙen fata da dama sun sayar da gine-ginensu sun bi mabiyansu zuwa wajen gari. Masu ɗinkin kwando kuma suna tafiya nesa neman ciyawa, domin bakin tekun da suke yanka an katange shi da rukunin gidaje.

Ba a yi ittifaƙi a kan laifin dokar adana tarihi a nan ba. Masu kare ta suna cewa da babu ita da dogayen otal-otal ne suka cinye unguwannin, kuma hakan ya fi saurin korar talaka. Masu sukarta suna cewa iyakance tsayin gini na rage yawan gidaje, sharaɗin gyara da kayan asali kuma na sa ko sauya taga ya fi ƙarfin mai ƙaramin albashi. Duka biyun suna da misalan da za su nuna.

Abin da zai isa ga talaka

Inshora ce za ta fara isowa. Tun Oktobar 2021 hukumar agajin gaggawa ta tarayya ta sauya yadda take lissafin inshorar ambaliya, tana duba haɗarin kowane gida shi kaɗai. Gidan da aka ɗaga yana samun sauƙi, wanda ke ƙasa kuɗinsa na hawa shekara-shekara. Akwai kuma ƙa'idar kashi 50: idan kuɗin gyaran ɓarna ya kai rabin darajar ginin, dole a kawo shi daidai da mizanin ambaliya na yanzu, ko da yake gidajen tarihi na iya neman sassauci. Iyalin da gidansu na gado ne, ba a raba shi a takarda ba, sukan sha wahalar samun rance ko tallafi, don babu sunan mutum ɗaya a kan shaidar mallaka. Irin waɗannan ne masu sayen gida da tsabar kuɗi ke fara ƙwanƙwasa wa ƙofa bayan kowace ambaliya.

Ma'aikatan otal da gidajen abinci, waɗanda harkar yawon buɗe ido ta dogara da su, yawancinsu daga wajen gari suke zuwa, kuma ranar da tituna suka cika da ruwa ranar aiki ce ta tafi. Ta ɓangaren sana'a kuma akwai buɗi: kafintoci da magina da maƙera da suka iya aikin da, irin waɗanda aka gane ƙarancinsu bayan Hugo har aka kafa kwalejin koyar da sana'o'in gini a birnin, ba sa rasa aiki.

Kason birnin na kashi 35 na katangar ya kai ɗaruruwan miliyoyin daloli, kuma daga haraji da kuɗaɗen da mazauna da baƙi ke biya zai fito, a lokacin da ake buƙatar kuɗi don magudanai da injinan zuƙar ruwa da gidaje masu sauƙin haya. A matakin zane ne za a tsayar da inda layin katangar zai bi titi bayan titi, da tsayinta a kowace unguwa, da abin da za a yi wa Rosemont.